Bulo Mai Kumbura: Yadda Wasannin Tsalle-Tsalle Ke Taimakon Mai Hawa



Mun san akwai waɗanda suka ji kan maganarmu suka yi murmushi, suna cewa ina ruwan jami'a da wasan yara. Muna roƙonsu su ba mu aron kunnuwansu. Batunmu shi ne bulon nan na wasannin bidiyo na tsalle-tsalle, wanda akan buga ya kumbura ko ya miƙe, ya zama abin takawa a hau sama. A ganinmu, cikin ɗan bulon nan akwai amsar wata tambaya da ke jiran kowane malami da kowane ma'aikaci, watau yaya ake taimakon mutum ba tare da an kashe masa zuciya ba.

Bari mu fara daga tushe. Kamfanin Nintendo na birnin Kiyoto a ƙasar Japan, wanda aka kafa a 1889 domin yin katin wasa, ya fito da Donkey Kong a 1981, ƙirar Shigeru Miyamoto. A can, abin hawa tsani ne. Yana nan a kafe, kowa yana ganinsa, aikin mai wasa kawai ya kauce wa gangunan da goggon biri ke gangarowa da su, ya hau. Tsani ba ya bukatar a yi masa wani tunani.

A 1985 sai ga Super Mario Bros., inda aka gina duniyar wasan kacokan da awon bulo. Faɗin allon bulo 16 ne, tsallen Mario kuwa iyakarsa bulo 4 ko 5. Wannan iyaka ita ce gishirin wasan, domin duk tudun da ya ɗara haka tambaya ce aka yi wa mai wasa: da me za ka hau? Ɗaya daga cikin amsoshin ita ce wani bulo wanda in aka buge shi daga ƙasa, sai tsiro mai yaɗo ya fito daga cikinsa ya miƙe har cikin gajimare. A mataki na 2-1 yakan kai mutum wurin ɗibar sulalla, a na 4-2 kuwa yakan kai shi ga bututun da ke tsallakar da shi zuwa duniya ta 6, ko ta 7, ko ta 8. Tsanin dai yana nan, amma yanzu a naɗe yake, sai wanda ya taɓa ne zai warware shi.

Bayan shekara 10, a 1995, aka fito da Yoshi's Island, inda wata halitta mai kama da ƙadangare ke goye da Mario yana jariri. An sa wa kaset ɗin wasan wata 'yar ƙwaƙwalwa mai suna Super FX 2, wadda ke iya faɗaɗa hoto ko ta juya shi nan take. Da ita ake kumbura ƙananan abokan gaba su zama dodanni, da irin wannan dabara kuma aka yi bulon da muke magana a kai. Ƙarami ne, yana rataye a kusa da tudun da ya fi ƙarfin tsalle. In Yoshi ya buge shi, sai ya kumbura ya zama babban dandamali, a hau shi, daga nan a kai ga tudun.

To, mene ne abin yabo a nan? Abu uku muka gani. Na farko, bulon a fili yake, an kuma ajiye shi daidai inda matsalar take, don haka ido yakan haɗa cuta da maganinta a kallo guda. Na biyu, ba ya motsawa sai mai wasa ya motsa. Hausawa sun ce tashi in taimake ka, to haka bulon nan yake. Na uku, ko bayan ya kumbura, bai ɗauki kowa ya kai shi sama ba. Tsallen ƙarshe yana wuyan mai wasa, saboda haka in ya hau, nasarar tasa ce, ya kuma tafi da ilmin da zai yi masa amfani a gaba.

Sai dai irin wannan taimako yana tsaye ne a kan amana, amana kuwa tana iya karyewa. A 1986 an fitar da ci gaban Super Mario Bros. a Japan, mai tsananin wuya. A cikinsa bulo yakan fito da naman kaza mai guba, akwai kuma wuraren da ba a wucewa sai an lalubo bulon da ido ba ya gani. Reshen kamfanin na Amurka bai fitar da shi a lokacin ba, sai a 1993 ya isa can cikin tarin wasannin Super Mario All-Stars, da sunan The Lost Levels. Gwanaye suna sonsa, amma sabon shiga da ya buga bulo ya sha guba yakan koyi tsoron bulo. Taimakon da aka ɓoye kuwa, sai wanda ya riga ya san hanya yake amfana.

A 2019 Super Mario Maker 2 ya miƙa wannan nauyi ga jama'a. A cikin kayan gininsa akwai bulo mai alamar motsin rai, wanda kowane bugu ke fitar da ƙarin bulo ɗaya bisa hanyar da maginin ya zana, har matakala ta tashi. Duk wanda ya gina mataki, ba a yarda ya watsa shi ga duniya ba sai shi da kansa ya ƙetare shi tukuna.

Jama'a, wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita muke so mu bar muku. Gobe wasunmu za su tsara manhaja, wasu fom ɗin neman tallafin karatu, wasu ƙa'idojin ofis. Kowane ɗaya daga cikinsu tudu ne da wani zai tsaya a gindinsa. Sai mu tambayi kanmu: shin abin hawan da muka tanada yana inda mai bukata zai gan shi? Yana cika alkawari in an taɓa shi? Mun bar wa mutumin abin da zai yi da kansa? Mu da muka tsara, mun gwada cika fom ɗin nan mun ga ko yana cikuwa?

Shugaba, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.