Gyaran Bututun Sokawe: Jawabi Ga Masu Gidaje

A cikin watan Mayu na shekarar 2018 cutar kwalara, watau amai da gudawa, ta ɓarke a ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu cikin Jihar Adamawa, har ta kai an keɓe wurin jinya na musamman a Babban Asibitin Mubi, an kuma yi hasarar rayuka. Kamar yadda aka sani, babbar hanyar wannan cuta ita ce ruwan sha wanda ƙazantar bayan gida ta taɓa. Da an faɗi haka, hankalin mutane yakan koma kan masu bahaya a fili ko a bakin kogin Yedzaram. Amma gida mai masai irin na zamani shi ma yana iya ɓata rijiyar unguwa, muddin bututun sokawensa ya lalace aka ƙyale shi.

Abin da ake kira sokawe a gaskiya ramuka biyu ne. Na farko tanki ne na siminti inda ƙazanta ke zama: mai nauyi ta kwanta a ƙasa, maiƙo da kumfa su taso sama, ruwa ya tsaya a tsakani. Na biyu shi ne ramin da wannan ruwa ke tsiyaya a ciki, ƙasa ta shanye shi. Bututu ɗaya ke kawo ƙazanta daga masai, wani kuma ya fitar da ruwa zuwa rami na biyu. Yawanci faɗinsu inci 4 ne, kuma ana kafa na fita ƙasa da na shiga da kamar inci 2 ko 3. A bakin kowanne, ta cikin tanki, akwai mahaɗi mai siffar harafin T wanda ƙafarsa ke nutse cikin ruwan.

Idan masai ya ƙi tafiya, kada a fara da fasa ƙasa. A ɗaga murfin tanki a duba inda ruwa ya tsaya, domin shi zai nuna inda ciwon yake. In ruwan yana daidai leɓen bututun fita, tanki lafiya lau yake, toshewar tana bututun shiga. In ya hau ya rufe bututun duka biyu, to, ko dai na fita ya toshe, ko rami na biyu ya daina sha. In kuwa ruwan ya sauka ƙasa da bututun fita alhali ba a daɗe da amfani da masai ba, bangon tankin ya tsage ke nan, ƙazanta tana zurarewa cikin ƙasa. Wannan ya fi sauran muni, don ba ya damun kowa a gidan, sai dai mai rijiyar da ke maƙwabtaka.

Toshewar bututun shiga ba ta da wuyar magani. Leda, tsumma, ƙunzugun yara da maiƙon ɗakin girki su ne suka fi kawo ta. Mai gyaran famfo zai zura sanda mai lanƙwasa daga ƙaramin akwatin dubawa, ya ture abin da ya tsaya, a bi da ruwa mai yawa. Idan toshewar tana dawowa, a tona a gani. Sau da yawa saiwar dogonyaro ko mangwaro ce ta shiga ta mahaɗa, ko kuwa mota ta taka wurin, ko ƙasa ta zauna bayan damina bututun ya lotsa. Sai a yanke wurin da ya lalace, a sa sabo a kan shimfiɗar yashi, a ba shi gangara ta kamar ƙafa 1 cikin kowace ƙafa 40. Liƙe tsaga da leda da roba, kamar yadda wasu ke yi, ɓata lokaci ne kawai.

Bututun fita shi ne wanda aka fi wulakantawa. Idan mahaɗinsa ya karye ya faɗa cikin tanki, babu abin da zai nuna a cikin gida, amma daga ranar maiƙo da tarkace za su riƙa wucewa rami na biyu har su liƙe jikinsa. Abin da za a sauya da kuɗi kaɗan sai ya jawo haƙar sabon rami. Wasu magidanta kuma, in abin ya ishe su, sai su huda tankin su sako ruwan cikin kwata. Wannan ruwa, ko da ya yi kama da mai tsabta, cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma ma'aikatan duba-gari suna da ikon hana haka. In dole sai an haƙa sabon rami, a nisanta shi da rijiya ko burtsatse da kamar mita 30.

Lalle ne a kwashe tanki kafin a taɓa mahaɗan nan, kuma a yi aikin daga sama. Cikin tankin akwai iska mai guba wadda kan kayar da ƙato nan take, idan ta yi yawa ma hanci ba ya jin warinta. Sau da dama wanda ya shiga ceton ɗan'uwansa shi ma ba ya fitowa. Akwai kuma wata iska mai kama wuta, saboda haka kada a leƙa da ashana ko fitilar kananzir, kada a sha taba a wurin. A bar murfi a buɗe iska ta fita, a kori yara, a sa safar hannu ta roba, bayan an gama a wanke hannu da kayan aiki da sabulu, a mayar da murfin daram.