Jawabi Ga Iyaye Da 'Yan Makaranta Kan Canji Iri Biyu



An ce in yi magana kan wani darasin kimiyya da yaranmu ke karo da shi tun ƙaramar sakandare har jarrabawar WAEC. Ni ɗan kasuwa ne, don haka da kayan kasuwa zan yi bayani.

Canji na farko shi ne canjin kama. Abu ya sāke siffa amma asalinsa na nan. Ruwa na daskarewa a digiri 0, ya tafasa a digiri 100, to ƙanƙara da tururi duk ruwa ne. Manja ya daskare, ka sa shi rana ya narke, manja ne dai. Zuba gishiri a ruwa ka bar ruwan ya ƙafe, ga gishirinka nan.

Na biyu canjin asali, inda sabon abu ke fitowa. Itace ya ci wuta, sai toka da hayaƙi. Madara ta kwana ta yi tsami, ta zama nono. Fasa goro ka ajiye, bakinsa ya yi duhu saboda iskar oksijin ta taɓa shi. Tsatsa kuwa ƙarfe ne ya gamu da iska da danshi, shi ya sa kwanon rufi ya fi saurin cinyewa a nan Kudu bisa ga Kano.

To ga inda yara ke faɗuwa. Sun haddace cewa duk abin da ba ya komawa yadda yake, canjin asali ne. A'a! In ka kai masara inji, garin ba zai koma tsaba ba, amma masara ce har yanzu. Tambayar ita ce: shin wani sabon abu ya fito? Kyandir ma kansa biyu ya haɗa: narkewarsa canjin kama, cin wutarsa canjin asali.

Iyaye, wannan ba sai ka yi boko ba. Uwa tana tuya, uba yana shago, ku riƙa tambayar yaro: wannan wane iri ne, kuma don me? In ya iya faɗin dalili da Hausa, rubuta shi da Turanci ba zai gagare shi ba. Kada mu bar 'ya'yanmu su zama 'yan kallo a ajin kimiyya.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka.