Kafi-malam a Lambunanmu



Yau zan yi magana ne a kan wani ɗan tsiro da kusan kowa a nan ya taɓa takawa a bakin gona ko a saura, wato kafi-malam. Masana tsirrai suna kiransa Evolvulus alsinoides, sunan da Linnaeus ya tabbatar masa a 1762, kuma danginsu ɗaya da dankali da duman kada. Ba ya tashi sama. Rassansa sirara ne, suna shimfiɗuwa a ƙasa, ganyensa ƙanana masu laushin gashi, furensa shuɗi bai kai girman farce ba. Da hantsi yake buɗewa, kafin la'asar ya rufe. Masu maganin gargajiya sun san shi tun kaka da kakanni, a Indiya ma yana cikin magungunansu na da.

Abin da ke damuna shi ne, in ka je wurin masu sayar da furanni a manyan biranenmu za ka iya samun ɗan'uwansa mai asali daga Birazil a cikin leda, ana sayarwa da kuɗi, namu kuwa sai a sa fartanya a nome shi a matsayin ciyawa. Muna dasa ciyawar ado mai shan ruwa safe da yamma a garuruwan da mata ke bin layi a bakin famfo. Wannan bai dace ba.

Kafi-malam rana yake so da jigawa. Saiwarsa tana nutsewa ƙasa ta yi ƙarfi, gashin ganyensa yana rage masa asarar danshi, shi ya sa yake jure rani, ya sake tohowa da saukar damina, shekara bayan shekara. Abin da ke kashe shi a gida yawan kulawa ne. In ka sa shi a laka, ko a inuwar darbejiya, ko ka riƙa yi masa ban-ruwa kullum, saiwar za ta ruɓe. In ƙasar gidanka mai riƙe ruwa ce, gauraya ta da yashi da ɗan tsakuwa, ka ɗaga wurin kamar kunya domin ruwan Agusta ya wuce. Taki kaɗan ya isa.

Kada a tumɓuke babba daga daji, don da wuya ya kama in saiwarsa ta tsinke. A jira kaka, a tsinci ƙananan 'ya'yansa da suka bushe, a ajiye irin, a watsa a farkon damina, a rufe da ƙasa sama-sama. A cire ciyawa a watannin farko, don ba ya iya kokawa da dogayen haki.

Ina roƙon shugabannin makarantu da ke nan su ware ɗan fili mai rana a harabarsu, su bar yara su shuka shi a damina mai zuwa.