Wace Manhaja Ce Ba Ta Kama Bairos?

 

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon kwamfuta a Titin Ibrahim Taiwo ko a Titin Beirut ya san tambayar da mai saye yake yi kafin ya zaro kuɗi: "Wannan tana kama bairos?" Amsar da aka saba ba shi ita ce Windows tana kamawa, Apple ba ta kamawa, Linux kuwa ko kusa. Akwai gaskiya a wannan amsa, amma ba ta cika ba, kuma abin da aka bari a cikinta shi ne yake cinye wa mutanenmu takardu da kuɗin asusu.

Kusan bakwai cikin goma na kwamfutocin tebur da laftof a duniya da Windows suke aiki. A waya Android ce ta riƙe kasuwa da kusan wannan kaso, a Najeriya ma ta wuce haka, domin Tecno da Infinix da itel da Samsung duk a kanta suke. Mai rubuta bairos a yau yawanci kuɗi yake nema, kuma mai yankan aljihu Kantin Kwari yake nufa, inda ake cunkoso. Saboda haka yawan bairos ɗin Windows da na Android ba abin mamaki ba ne.

Tarihi ya nuna cewa kasuwa cutar take bi. Ɗaya daga cikin bairos na farko da suka yaɗu a hannun jama'a, Elk Cloner, a kan Apple II ya ɓulla a 1982, lokacin da wannan na'ura ta cika makarantun Amurka. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta Brain, wanda ya bi faifan fulofi ya shiga kwamfutocin MS-DOS, domin a lokacin can jama'a suka koma. Da Mac ta ƙara yawa, a 2012 Flashback ya kama kusan 600,000 daga cikinsu. Linux ma ba ta tsira ba: a 2016 Mirai ya mamaye kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet masu aiki da ita, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da masana'anta suka sa kuma masu su ba su canza ba. Wanda yake da daraja a idon masu leƙen asiri kuwa, iPhone ba ta ɓoye shi. A 2016 ɗin ce aka gano manhajar leƙen asiri ta Pegasus a saƙon da aka aika wa Ahmed Mansoor, mai fafutukar kare haƙƙi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Ba ina cewa duk manhajojin ɗaya suke ba. Ginin ya bambanta. iPhone ta daɗe tana hana mai ita saka manhaja daga ko'ina sai kantin Apple, Android kuwa ta bar ƙofar a buɗe ga wanda ya so. Windows XP ta riƙa ba mai amfani cikakken iko, ta kuma riƙa buɗe abin da ke cikin faifai da kanta, kuma an sha wuya kafin a gyara. Amma akwai abin da ya fi kaso da gini nauyi a wurinmu, kuma cutar WannaCry ce ta fito da shi fili. Ranar 12 ga Mayu 2017 ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa ɗage ganin marasa lafiya. Microsoft ta riga ta fitar da maganin ɓarakar da ta bi ta shiga tun watan Maris. Waɗanda suka sabunta sun kuɓuta. Waɗanda aka kama, wata biyu maganin yana jiransu.

Yanzu mu dubi yadda laftof take fita daga shagunanmu. Tokumbo ce, an sauke ta daga Turai ko Amurka. Mai gyara ya zaro filash ɗin da yake yi wa kowa aiki da shi, ya ɗora Windows wadda ba a biya lasisinta ba. Don ta zauna, sai ya kashe Defender, mai gadin da ya zo da ita kyauta, ya kunna manhajar fasa lasisi wadda bai san wanda ya rubuta ta ba. Daga nan ya kashe sabuntawa, ya ce wa mai saye tana shan data. Ya ƙara masa anti-bairos na gwaji wanda zai daina aiki bayan wata guda. Wannan na'ura tun kafin ta bar shago an cire mata duk kariyarta, kuma in ta kamu, Windows za a zarga. Ban faɗi haka don in ci mutuncin kowa ba. Data tana da tsada, lasisi ya fi ƙarfin mai saye, mai gyara kuma haka ya tarar ana yi. Amma amana ce aka ba shi.

Ga abin da ke biyo baya. Ɗaliba ta kai filash ɗinta shagon buga takardu don a fitar mata da furojet. Ta dawo gida ta tarar duk fayilolinta sun zama gajerun alamomi masu ƙaramar kibiya. Bairos ɗin ɓoye na ainihin ya yi, ya ajiye na jabu a gurbinsu, duk wanda ya danna kuma ya kunna shi a sabuwar kwamfuta. Yawanci aikin nata yana nan lafiya, ana iya dawo da shi cikin 'yan mintuna. Abin da yake ba ni takaici shi ne yadda ake saurin ce mata sai dai a yi fomatin, aikin shekara guda ya tafi a hannun wanda ta je wurinsa neman taimako.

A waya lamarin ya fi muni, domin a nan kuɗin suke. Ana tura manhaja daga hannu zuwa hannu ta Xender, ana saka GBWhatsApp wadda ba kamfanin WhatsApp ne ya yi ta ba, ana amsa "na yarda" ga duk izinin da aka nema. Manhajar da ta samu izinin karanta saƙonni ta samu lambar tabbatarwar da banki yake turowa. A Oktoba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gargaɗi kan Flubot, wanda yake zuwa a saƙo kamar na isar da kaya, ya kwashe bayanan banki. Wani lokacin kuma mai waya ba shi da laifi ko kaɗan: a 2020 masu bincike sun gano bairos ɗin Triada a cikin dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashen Afirka, tun daga kwali.

Akwai ranar da nake so kowane mai shago ya riƙe. Microsoft ta daina sabunta XP a Afrilu 2014, Windows 7 a Janairu 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025. Tsofaffin laftof da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, ofisoshin Turai za su zubar da su, kuma kasuwanninmu za su nufo da farashi mai jan hankali. Mai saye yana da haƙƙin a gaya masa wannan kafin ya biya. Wanda aikinsa rubutu ne da intanet, a saka masa Ubuntu ko Linux Mint, kyauta suke kuma ana sabunta su. Wanda cinsa da shansa a CorelDraw yake, ko firintarsa ba ta jituwa da Linux, a nemo masa na'urar da za ta ɗauki Windows 11, a bar masa Defender a kunne, a nuna masa inda zai ajiye kwafin aikinsa na biyu.