Finafinan Yaƙi Da Kakannin Da Aka Manta

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, dattawa da 'yan'uwa mazauna Sabo, Allah ya ba mu alherin wannan zama.

An ce mu ɗan tofa albarkacin bakinmu a kan finafinan yaƙi da yaranmu suka duƙufa a kai. To mu dai 'yan kasuwa ne, abin da ido ya gani za mu faɗa. Irin su Rambo da Commando, mutum ɗaya ya ƙarar da bataliya ko ƙwarzane babu, wannan tatsuniya ce, gara ma ta Gizo. Wanda muke girmamawa shi ne fim ɗin Umar Mukhtar na 1981, wanda Mustafa Akkad ya shirya. Malamin Alƙur'ani ne ya yi shekara ashirin yana fafatawa da Italiya a Libiya, har suka rataye shi a 1931. A nan an nuna yaƙi yadda yake: yunwa, zawarawa, da mutane tsare cikin waya.

Amma jama'a, ga abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Turawa sun yi finafinai barkatai a kan yaƙin Bama, ku duba ko za ku ga baƙar fata cikinsu. Alhali runduna ta 81 da ta 82 daga Afirka ta Yamma aka kwaso su, kuma 'yan Nijeriya ne suka fi yawa. Da Hausa ake magana a bariki, da Hausa ake waƙar maci, har wanda ba Bahaushe ba sai ya koya. A 1944, a kwarin kogin Kaladan, babu hanyar mota ta kirki, sai jirgin Dakota ne ke jefo musu abinci da harsashi ta laima. Jirgi ne mai farfela biyu, ba shi da sauri, amma jaki ne wajen kaya, kuma mu dai a wurinmu ya fi na yanzu kyan gani.

Tun da mun taɓo jirage, tun 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano daga Masar. Daga 1940 kuma ana harhaɗa jiragen yaƙi irin su Hurricane a Takoradi, su bi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da Khartoum har Alƙahira. Ashe ƙasarmu hanya ce ta wannan yaƙi, ko da fim bai faɗa ba.

Littafi guda muke roƙon 'yan bokonmu su nema: Burma Boy na marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda ya fito a 2007. Labarin wani yaro ne, Ali Banana, da ya shiga soja bai kai shekaru ba. Mahaifin marubucin kansa ya je Bama. Da Turanci yake, don haka wanda ya karanta sai ya zo ya warware mana.

Roƙonmu ga ƙungiya shi ne, duk gidan da ke da lambar yabo, takardar sallama ko hoton tsohon soja a ƙasan adaka, a kawo wa sakatare ya rubuta suna da garin asali, ya ɗauki hoto, a mayar wa mai shi kayansa nan take. Za mu fara bayan sallar Juma'a mai zuwa, in Allah ya yarda.