Dogon Hutu da Ɗawainiyar Malaman Sakandare



Dogon hutu ya kankama, an rufe makarantu, amma malaman sakandare da yawa yanzu suka ɗauki hanya. Wasu sun tafi cibiyoyin duba takardun jarrabawar WAEC da NECO. Wasu sun koma jami'a ƙaro karatu. Wasu kuma sun cika mota da ɗalibai, sun nufi Yankari a jihar Bauchi, ko Gidan Makama a Kano, ko hasumiyar Gobarau a Katsina.

Raka ɗalibai yawon buɗe ido ba ƙaramin aiki ba ne. Malami ne ke neman izinin iyaye, shi ke ƙirga yara duk inda aka yada zango, ga maganin ciwon kai a aljihu. Amma yaron da ya tsoma ƙafa a ruwan ɗumi na Wikki da ke Yankari ba zai manta darasin ba, domin gani ya kori ji.

In an koma makaranta, malamin ne dai uban ƙungiyar muhawara, ko ta wasan kwaikwayo, ko kulob ɗin JETS na masu sha'awar kimiyya. Yakan zauna da yara har la'asar sakaliya, kuma sau da yawa kuɗin motar zuwa gasar kacici-kacici daga aljihunsa yake fita.

Muna kira ga ma'aikatun ilimi da ƙungiyoyin iyaye da malamai su ware wa waɗannan ayyuka kuɗi a kasafinsu. Iyaye kuma, a riƙa leƙawa ana yi wa malaman nan sannu da aiki.

A huta lafiya.