Ciwon Maƙogwaron da Ke Komawa Zuciya

Jama'ar Yauri, Wara, Shanga da tungayen masunta na bakin tafkin Kainji, Allah Ya ba mu lafiya.

Hunturu ya kama, yara sun cunkushe a ɗaki guda, ciwon maƙogwaro sai yawo yake. Akasarinsa yakan wuce da kansa. Amma idan ƙwayar sitireptokokas ce, bayan mako 2 zuwa 3 garkuwar jikin yaron na iya ruɗewa, ta far wa naman jikinsa. Yau gwiwa ta kumbura da zafi, jibi ciwon ya koma idon sawu, ga zazzaɓi. Gaɓoɓin za su warke. Ƙofofin zuciya kuwa tabo suke yi, har wata rana budurwa ta kasa hawowa daga bakin ruwa da tulu saboda haki. 'Yan shekara 5 zuwa 15 wannan ciwon ya fi kamawa.

Iyayena mata, cire belu wurin wanzami ba ya kashe wannan ƙwaya. Fenisilin ke kashe ta, allura ɗaya ko maganin sha na kwana 10 cif, bayan ma'aikacin lafiya ya duba. Wanda zazzaɓin mai kumbura gaɓoɓi ya riga ya kama kuma, allura ce duk mako 3 ko 4, shekara da shekaru, ko da damina ta yanke hanya sai an shiga kwalekwale.